Katin Rasuwar Kawu Sale

Tun ranar da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin kasuwa a tambaye ni, har wanda rabona da shi tun muna koyarwa ya bugo waya wai yaya Kwatano, da gaske ne atamfa a banza take? Amsata ba ta wuce "lafiya lau" ba, don abin da na gano a can ba na faɗa a tsaye ba ne. Yanzu da na samu izinin mai maganar, wato mahaifiyata, bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Malumfashi. Da na ajiye alli sai na ɗauko wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni, rubuta salsalar gidanmu, gidan marina, a wani babban littafi mai baƙin bango. Ina da wani hali da gara in faɗa tun yanzu, don shi ya kai ni ya baro. Na fi yarda da takarda a kan bakin mutum. In tsohuwa ta ce mini an haifi wane shekarar fara, da fensir nake rubutawa. In kuwa na ga abu an buga shi da inji, biro nake sawa, ban ko waiwaya.

Kawu Sale ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, Inna ce ta goya shi, a ɗakinta ya girma. Ina aji biyar a firamare ya haɗa 'yan kuɗinsa ya ce zai tafi fatauci Kwatano. Ina tsaye ya durƙusa a gaban Inna ya ce, "Yaya, ba za ki sake ganina ba sai na zo miki da kujerar Makka." Aka yi dariya, Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya dai. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru, har shekara arba'in.

Shekara tara da suka wuce wani ɗan garinmu mai fataucin atamfa ya yi sallama ya miƙo mana kati mai sheƙi, ka rantse na ɗaurin aure ne. A gaba ga hoton Kawu, ya tsufa, amma shi ne, cikin babbar riga mai aiki, da makawiya a kansa. Rubutun Faransanci ne, sai na kai wa wani abokin aikina mai koyar da shi ya fassara mini. Sanarwar rasuwa ce da gayyatar addu'a. Alhaji Sale, babban ɗan kasuwa a Kwatano, ya rasu ya bar 'ya'ya bakwai, ga sunayensu an jera, na farko Nasiru. Da na fara littafin nan nawa, na kwafe su duka a ciki da biro.

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, Malam take ce mini.

"Malam, Alhaji aka ce?"

"Haka aka rubuta, Inna."

"'Ya'ya bakwai?"

"Bakwai."

"A cikin 'yan'uwan da aka lissafa, akwai sunana?"

Na duba, ko da yake na san amsar. Babu.

Ta miƙo mini katin. Ta karɓi gaisuwa kwana uku kamar yadda ake yi, ba wanda ya ga hawayenta. Amma Inna tana da al'ada, bayan sallar asuba takan kira sunayen mamatanta ɗaya bayan ɗaya tana nema musu gafara, muna jin ta daga tsakar gida. Na yi ta saurare, wata ya bi wata, sunan Sale bai shiga ba. Ba Makkar ce ta ci mata rai ba. Cewa ta yi yaron da ta tauna wa abinci ya samu duniya, ya je ya dawo, ya tara iyali, amma ko ɗa ɗaya bai turo ya ce mata sannu ba.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita, jiki ya fara ja baya. Tsoro ya kama ni kada ta koma ga Allah da wannan ƙulli a zuciyarta. Na ce, "Inna, mamaci ai yafe masa ake yi." Ta ce in je in yi wa ɗalibaina wa'azi. Nan na yanke shawarar zuwa Kwatano in nemo 'ya'yan nan, in samu ko ɗaya in kawo mata shi ya durƙusa, ko jini zai yi abin da bakina ya kasa. Da na gaya mata, cewa kawai ta yi in tafi da rigar sanyi.

Daga Funtuwa na shiga doguwar mota zuwa Legas. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Balaraba, 'yar kasuwa daga Gusau, wadda ta san hanyar nan kamar hanyar ɗakin girkinta. Kafin mu kai Zariya ta san shekaruna, da yawan 'ya'yana, da abin da likita ya hana ni ci. Ta tambaye ni wane kaya zan saro, na ce 'yan'uwa zan saro, na fito da katin daga fayil na nuna mata ina ɗan hura hanci. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Hmm. Katin Kwatano." Na ce me ya faru? Ta ce ba komai, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi. A raina na ce, wanda bai yi boko ba ina zai san darajar takarda.

Kwana muka yi a hanya, gwiwoyina suka sandare, sai da yaron mota da wani fasinja suka sauko da ni kamar buhun masara. Daga Legas muka shiga ƙaramar mota zuwa bakin iyaka. Hajiya ta ce in biyo ta kawai, kada in tsaya kallo, kada in amsa kiran kowa. Ni kuwa da shirina na zo: fasfo, katin rigakafin shawara, har da wata jimlar Faransanci da abokina ya haddatar da ni. Da na isa gaban ma'aikacin ɓangaren Benin na gyara tsayuwa na zuba masa ita. Ya ɗago ya amsa mini da wani dogon Faransanci da ban kama ko wutsiyarsa ba. Na tsaya baki buɗe, gumi na karyo mini. Ya ɗan kalle ni, sannan ya ce da Hausa garau, "Baba, ina za ka?" Ashe ɗan arewacin ƙasar ne. Hajiya Balaraba ta yi ta dariya har muka shiga gari.

A Kwatano 'yan acaɓa sun fi motoci yawa, kowa da riga ruwan ɗorawa, zem ake ce musu. Ba a hawa sai da hular kwano, fasinja ma haka. Sai da na tuɓe hulata na cusa a aljihu, na tattare babbar riga na rungume a ciki kamar mai goyo a gaba. Mata kuwa da kansu suke tuƙa baburansu, da kaya da yara, ba wanda ya kalle su. Wata ta wuce mu a guje da kwandon abarba a bayanta, na yi salati da ƙarfi, ɗan zem ya zaci faɗuwa zan yi.

Zongo kuwa, unguwar Hausawa, da ka shiga sai ka ji kamar ka dawo gida, amma gidan da aka sauya wa zaman kaya. Ga kiran salla, ga masu tsire, ga masu canji, ga Hausa a kowane baki, sai dai Hausar an sirka ta. Makaranta lakwal ce, asibiti lofital, in za a fara magana a ce "bon," in an gama a ce "wala." Akwai waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro, su 'yan ƙasa ne, ba su taɓa ganin Kano ba. Akwai kuma irinmu 'yan zuwa. Hajiya ta kai ni masaukin da fatake ke sauka, ta damƙa ni a hannun mai gidan ta ce amana ce, ta wuce harkokinta. Ban sake ganin ta ba, kuma ban yi mata godiyar da ta kamata ba.

Abinci na farko da aka kawo mini akasa ce, wani farin tuwon kamu a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da yaji. Na ci, ba laifi, illa sanyinsa. Da safe aka kawo shayi da wani dogon burodi mai kama da sanda. Dama ina da haƙori ɗaya mai girgiɗi, cizo na biyu ya biyo burodin. Na naɗe shi a takarda na sa a aljihu, ban san dalili ba.

Ranar Asabar ce. Na fito neman masallacin da zan yi cigiya, sai na tarar an tare wani titi da rumfuna, ga kiɗa, ga abinci, mata da maza sun yi anko. Na gaishe su na ce Allah ya ba da zaman lafiya. Wani Bahaushe mai sayar da turare ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba biki ba ne, mutuwa ce." Ya ce maƙwabtansu da ba Musulmi ba haka suke sallamar mamaci, da hotuna da katuna da shagali. Musulmin Zongo ba sa kiɗa, a ranar suke binnewa kamar mu, amma sun ɗauki buga kati. Mu muna sadakar uku da bakwai da arba'in, su kuma ta takwas da ta arba'in da ɗaya, kuma ba a kiran mutane addu'a da baki kawai. Na ce a gida ko hoton mamaci ba ma son a rataya. Ya ce, "Nan ba gida ba ne."

Da na ambaci Alhaji Sale babban ɗan kasuwa a bakin masallaci, dattawa suka kalli juna, ba wanda ya san shi. Da na karanta sunan Nasiru da na ƙannensa, nan take aka ce ai wannan mai motocin ɗaukar kaya ne, ofishinsa na unguwar Vedoko. Ban tsaya tunanin yadda aka san ɗa ba a san uba ba. Na sake sa hular kwano.

Nasiru mutum ne dogo, zai yi shekara arba'in da wani abu. Ina ganinsa na ga hancin gidanmu, na ga goshin Inna, wallahi har tafiyar Kawu na gani. Na rungume shi a gaban direbobinsa ina kuka, ina cewa ni ɗan gwaggonka ne daga Malumfashi. Bawan Allah ya tsaya cak, bai ture ni ba. Da na nuna masa katin sai fuskarsa ta sauya.

"Baba Sale," ya ce. "Allah sarki, Baba Sale." Ya ja mini kujera, ya sa aka kawo ruwa. "Bon, Malam, wannan magana ta fi ƙarfina. Sai dai ka ga Mama."

A motarsa muka koma Zongo. Gidan nasu gida uku ne tsakaninsa da masaukina. Mahaifiyarsa, Hajiya Adama, tsohuwa ce fara, siririya, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Nasiru ya yi mata bayani a taƙaice. Ta ajiye faifan, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan Yaya ne?"

"Ni ne, Hajiya."

"Tana da rai?"

"Tana nan."

"Alhamdu lillahi. Katin ya isa hannunta? Ni na ba mai atamfa, na ce ya nemi gidan marina."

Na ce ya isa, shi ya sa ma na zo ganin 'ya'yansa. Ta ce, "Ɗana, Sale bai taɓa aure ba. Nasiru ɗana ne, ɗan mai gidan nan marigayi. Huɗu a cikin bakwai ɗin nawa ne, ukun na maƙwabta."

Na zauna a ƙasa. Ita kuwa ta ci gaba a hankali, kamar mai ba da labarin da ta daɗe tana jiran mai ji.

A gidansu Kawu ya sauka ranar da ya zo, mijinta ne mai masaukinsa. Ya fara fataucin albasa daga arewa, abin ya soma kyau. Shekara ta uku ya zuba duk abin da ya mallaka a mota guda, motar ta lalace a hanya cikin damina, kafin a gyara albasa ta ruɓe. Bai sake miƙewa ba. Ya koma tura kura a babbar kasuwa, ya yi ta turawa har bayansa ya ƙi. Ya kama ɗaki a Ladji, bakin ruwa, inda duk damina sai ya ɗora tabarmarsa a kan benci. Da ƙarfi ya ƙare suka dawo da shi zauren gidan nan. Aikinsa shi ne raka yaran layin lakwal da safe, ya tsallakar da su titi, ya koma ya ɗauko su. Yaran da ya raka su ne bakwai ɗin nan.

"Makkar fa?" na tambaya.

"Bai je ba. Duk shekara dai shi ke ɗaukar wa maniyyata jaka zuwa mota. Hoton nan ranar da Alhajinmu ya dawo ne, ya sa masa rigarsa da makawiyarsa don wasa, aka ɗauka. Shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi."

"Me ya hana shi komawa gida?"

"Sau nawa Alhaji ya ce ga mota, ka je ka ga danginka? Sai ya ce, da wane ido zan kalli Yaya? Bari dai baɗi. Kullum baɗi."

Na ce, to me ya sa aka rubuta abin da ba haka ba? Ina jin muryata ta fara tashi.

Ta ce, "A Zongo ba ma barin baƙo ya tafi tsirara. Yadda ake masa likkafani haka ake masa kati. A rubuta wane ya mutu, ba mata, ba ɗa, ba sana'a, Fon da Yarbawa su karanta su ce haka Hausawa ke mutuwa? Sai a ara masa 'ya'ya, a ara masa suna. Kowa a nan ya san yadda ake karanta kati. Ni kuma na ce a kai wa Yaya, ko ba komai ta ji sanyi cewa ƙaninta bai wulaƙanta ba."

Nan ne na yi abin da har gobe nake nadama. Da na yi shiru da ya fi, amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Sanyi? Hajiya, shekara tara Inna ba ta sa shi a addu'a ba saboda katin nan! Ta ɗauka ya yi arziki ya manta da ita. Ko sunanta ba ku sa ba!"

Tsohuwar nan ta dafe ƙirji. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita har sau uku, hawaye na bin fuskarta. "Sunanta kuma, ɗana, ina muka san shi? Shekara arba'in ban taɓa jin ya kira sunanta ba. Yaya ta ce, Yaya takan yi, tuwon Yaya. Na aika a tambayi duk wanda ya san shi, ba wanda ya sani. Da ciwo ya yi tsanani a lofital ma Yaya yake kira."

Kunya ta rufe ni. Matar da ta ciyar da kawuna, ta yi jinyarsa, 'ya'yanta suka ɗauki gawarsa, ita na zo har gidanta ina ɗaga wa murya, ni da ban taɓa taka ƙafa na neme shi ba sai da na ji yana da 'ya'ya bakwai da dukiya. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta sa aka zubo mini shinkafa da wake, ta zauna a kaina sai da na ci.

Washegari na roƙi Nasiru ya kai ni inda aka buga katin, don har lokacin malamin da ke cikina bai gama mutuwa ba. Wani ɗan shago ne a Houeyiho, mai shi dattijo ne Bafone mai jin Hausar kasuwa. Bangon shagon cike yake da katuna. Na sa Nasiru ya karanta mini guda goma. Duk namijin da ke ciki babban ɗan kasuwa ne, duk macen uwa ce ta gari mai tarin jikoki. Na tambayi mai shagon ko yana bincika abin da ake kawo masa. Ya yi dariya ya ce, "Ni? Famiy, dangin mamaci, ya kawo, ni ya buga. In bai kawo sana'a ba, akwai wanda muke sawa." Ya nuna mini a na'urarsa, an riga an rubuta komai, gurbin suna da hoto kawai aka bari. Na tuna Hajiya Balaraba da rabin goronta.

Daga nan muka wuce maƙabarta. Yashi ne, kaburbura sun shafe, an yi sababbi a tsakaninsu. Nasiru ya yi ta zagaye, ya tsaya kusa da wata katanga ya ce, "Tsakanin nan da can ne, ba zan yi maka ƙarya ba." Muka yi addu'a a tsakanin nan da can. Da muka shafa na ga yana share ido. Ya ce har ya shiga babbar makaranta Baba Sale bai yarda ya tsallaka titi shi kaɗai ba, abokansa na yi masa dariya. Na ce ko zai biyo ni Malumfashi? Ya ce ko yau, in Yaya na son ganinsa, amma a matsayin wa zai je? Na ce bari in fara zuwa.

Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta. Na zauna kusa da taga, na yi ta juya magana ɗaya: in gaya mata ko in bar ta? In na bar ta, za ta mutu tana fushi da wanda bai yi mata komai ba. In na gaya mata, na sauke mata fushi na ɗora mata abin da ya fi shi nauyi. Har muka shigo Funtuwa ban yanke ba.

Na same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta, an shimfiɗa mata tabarma tana shan rana. Na gaishe ta, ta tambayi hanya. Ta leƙa bayana ta ga ba kowa.

"Sun ƙi zuwa ko?"

"Inna, babu su ne."

Daga nan bakina ya buɗe. Na faɗa mata duka, albasar, kurar, ɗakin bakin ruwa, rigar aro, yaran lakwal. Ban rage komai ba, har dalilin da ya sa ba a sa sunanta ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Kura yake turawa?"

"E, Inna."

"Da wannan ƙirjin nasa? Tun yana yaro ba ya son ɗaukar nauyi, tari yake sa shi." Ta ɗago ta dube ni. "Yana samun abinci dai?"

"Hajiya Adama ba ta bar shi da yunwa ba."

"Allah ya yi mata albarka." Sai muryarta ta karye. "Sakarai. Wa ya ce masa Makka nake so? Da ya zo da rigar jikinsa ai da na dama masa fura."

Ban taɓa ganin Inna na kuka haka ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Na zauna kusa da ita, ni ma ina nawa. Da ta lafa ta ce in ɗauko littafin nan nawa. Na ɗauko, na buɗe shafin Kawu, na ce zan soke abin da ke ciki.

"Yaran ka bar su, sun fi mu cancanta. Alhajin da ɗan kasuwar ka cire. Sai ka rubuta abin da zan faɗa maka."

Na gyara zama.

"Ka rubuta, Sale ya rasu a Kwatano ya bar yaya ɗaya, Hajara. Ta yi fushi da shi shekara tara yana kwance a ƙasa, bai yi mata laifin komai ba."

Na ce, "Inna, wannan ba sai an rubuta ba. Jikoki za su karanta."

Ta ce, "Shi ya sa. Rubuta."